Naman Da Bai Ga Wuƙa Ba

Shekara arba'in da ɗaya Baba Sallau
yana riga rana isa Abbatuwa.
Ya san tunkiya mai ciwon hanta daga idonta,
ko a duhu ka miƙa masa tsoka
zai gaya maka ta jiya ce ko ta yau,
hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Sai ga likitar Asibitin Murtala,
yarinya sa'ar autarsa,
ta ɗaure masa damtse, ta duba awo, ta yi jim.
Ta ce, "Baba, jininka ya hau bene.
Jan nama da kitse, a yi musu sallama."
Ya dawo Ƙofar Mazugal a adaidaita
bai ce wa kowa uffan ba.

Ni na je Singa ranar Laraba,
na ratsa tireloli da masu dako,
na dawo da leda mara nauyi kamar audugar rimi,
cikinta busassun gutsattsari
sai ka ce gurasar da ta kwana uku.
Ya juya, ya shinshina,
ya ce, "Uwale, wannan wa ya yanka?
An fuskantar da shi gabas?"
Na ce, "Baba, tsiro ne, ɗan'uwan wake,
ƙwaya ƙulu-ƙulu ta ƙasar sanyi.
A niƙa, a ware furotin daga gari,
inji ya matsa da zafi har ya yi zare-zare.
Uwarsa gona ce, bai taɓa yin jini ba."

Ya ce, "Awara na sani, ƙosai na sani,
ba wanda ya taɓa kiran kansa nama.
Duk wanda ya ari rigar wani
sai an laluba aljihunsa."
Ya maƙala tabarau mai ƙafar zare,
ya sa ni karanta bayan leda
kamar takardar filin gado:
lambar hukuma tana nan,
ranar lalacewa saura wata bakwai,
gishirin ciki ya fi yadda na zata.
Ya ce to, kar a ƙara ko ƙwaya a miya.
Ya zazzage a faranti yana neman fumfuna,
ya ɗaga kowane gutsure ga hasken taga
yadda yake ɗaga huhun rago a da,
bai sami abin ƙi ba.

Na jiƙa da ruwan zafi, ya kumbura, na matse,
na soya da albasa, attaruhu, 'yar daddawa,
na bar shi ya nuna a miyar taushe.
Ƙamshi ya kira Nasiba daga soro.
Ta kawo hannu, Baba ya cafke.
"Ke da gyaɗa ta feso wa ƙuraje,
ta shaƙe ki bara har muka kwana a asibiti?
Wannan danginta ne. Sai abin da likita ta ce."
Ta tafi da dafaffen ƙwai tana ƙunƙuni.
Ni da na yi karatun, ban tuna ba.

Ya kai loma. Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa.
Gida ya yi tsit, har rediyon maƙwabta muna ji.
"Ba ƙashi, ba jijiya, ba ɓargo.
Wannan ba rago ba ne, raggo ne."
Ya ƙara loma. "Da kaɗan za a fara.
Wake ko ya je Turai ya dawo
bai mance hanyar kumbura ciki ba."

Da dare na ji shi a tsakar gida
yana wasa wuƙarsa a dutse, a hankali,
ya goge ta da tsumma, ya mayar kube.
Da safe ya ce in rufe saura a kwalba,
nesa da danshin randa,
gobe kuma in ƙara citta.
Na ɗauko kwanon jiya in wanke,
an suɗe shi har gefe.
Har yau dai bai ce ya yi daɗi ba.